Yaron da aka tsamo daga kududdufin masu tubali a Tahoua

Daga ƙarshensa na fara sanin wannan lamari. Ina bakin aiki a asibiti, ana shirin kiran magariba, aka shigo da yaro ɗan shekara 9, laka har cikin kunnuwansa, yana tari yana numfashi sama-sama. Wani matashi mai kabu-kabu ya biyo su, ya toge a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, hannuwansa sai rawa suke. Daga baya na zauna da shi sau biyu. Na kuma ji ta bakin kawun yaron da ta mai buga tubalin da ya tsamo shi, sannan na kalli wani bidiyo na minti huɗu da wani ya ɗauka da wayarsa. Ina jin haushin masu ɗaga waya a inda ya kamata su miƙa hannu, amma wannan karon bidiyon ya yi mini rana, don da shi na ƙirga abin da bakin mutane ba zai iya ƙirga mini ba. Na ɓoye sunaye da unguwa saboda iyalin ba su nemi a san su ba.

Ruwa baƙo ne a Tahoua. Wata takwas ko tara ana kallon rairayi da duwatsun Adar, sai damina ta sauka, a watan Agusta duk wani kwari ya cika. Yaran Yamai da suka tashi a bakin kogin Isa da yawansu sun iya iyo, namu kuwa ina za su koya? Ga shi da rani masu tubali na haƙar ƙasa a bayan gari, kowa na bin inda yumɓu ya fi kyau, ramin ya fito ba tsari. Ruwan da ya cika shi ja ne, ba a ganin ƙasansa. Yaro zai yi taku goma ruwa iya gwiwa, a na goma sha ɗaya ya rufta inda ya shanye babban mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba.

Su huɗu suka je bayan la'asar. Da ya rufta bai yi ihu ba, kuma haka abin yake: bakin da ke fafutikar shaƙar iska ba ya samun sararin kira. Abokansa biyu suka ga ya ɓace, tsoron duka ya kama su, suka ranta a na kare zuwa gida ba su gaya wa kowa ba. Ƙaraminsu ne ya ruga wajen mai tubalin da ke gyara rumfarsa can gefe. Shi ya san raminsa, ya shiga ya laluba da ƙafa har ya taɓa yaron, ya ɗago shi. Babu mai agogo a hannu, amma da na taka wurin na auna nisan da ƙaramin ya yi gudu, na ga da wuya yaron ya wuce minti biyar a ƙasa. Wannan shi ne babban rabonsa. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iskar oksijin, kuma wanda ya haura minti 25 a cikin ruwa ba kasafai ake samunsa ba.

Abin da aka yi masa a bakin ramin shi ne abin da kowa a nan ya gada. Mai tubali ya kama ƙafafunsa ya zazzage shi kai ƙasa. Wani ya karɓe shi ya kwantar, ya shiga matsa masa ciki. Ruwa ya fito da guntun abincin rana, mutane suka ce alhamdulillahi, ruwan na fita.

A nan nake so mai karatu ya tsaya, don nan ne kuskuren da ya fi kowane tsada. Mun ɗauka wanda ya nutse kamar tulu yake, a tuntsurar da shi ya wofinta ya tashi. Ruwan da ake gani yana kwarara daga baki, mafi yawansa daga ciki yake fitowa, wanda yaron ya haɗiye. Wanda ya shiga huhu ba shi da yawa, ya riga ya bazu cikin ƙananan jakunkunan iska, jini ne zai tsotse shi, babu girgizar da za ta fito da shi. Matsa ciki kuwa amai yake turowa maƙogwaro, mutumin da ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya tari, aman ya gangara huhu. An ƙara masa cuta ke nan, an kuma cinye mintunan da ƙwaƙwalwarsa ke jiran iska. A lissafina minti biyu suka tafi a wannan aiki.

Sai yaron ya yi wani irin kakari, ya ja numfashi guda mai ƙara, baki buɗe, ya yi shiru, can ya sake. Taron ya rabu biyu. Wasu suka ce ai ga shi yana numfashi, a bar shi ya huta. Wani dattijo da ke dawowa daga gona ya ce a'a, gargara ce, a juya shi gabas. Ya durƙusa yana laƙƙana masa kalmar shahada, ya warware mayafinsa zai rufe shi. Dattijon ya fi su gaskiya, domin wannan kakari ba numfashi ba ne, ƙwaƙwalwar da iska ta yanke wa ce ke fizgar ƙirji. Sai dai abin da shi ya ɗauka alamar an gama, mu a wajen aiki alamar a fara ce yanzu-yanzu, kuma wanda ake samu yana wannan kakarin ya fi wanda ya yi tsit damar dawowa. Duk ɓangarorin biyu sun tsaya a kan abu ɗaya, wato kada a taɓa shi.

Daidai nan mai kabu-kabu ya iso, ya sauke wata mata ke nan ya hangi taro. Shekara biyu kafin nan ya yi horon agajin gaggawa na kwana uku tare da ƴan sa-kai na ƙungiyar agaji ta Kuros Ruj, bai kuma taɓa gwadawa a jikin mutum ba. Ya ce da ni abin da ya fi ba shi tsoro dattijon ne. Ya cire takalmi ya durƙusa kusa da shi.

"Baba, don Allah ku ba ni dama in gwada wani abu. In kwana ya ƙare, ba abin da zan rage masa."

"Kai likita ne, ɗan nan?"

"A'a Baba, an dai koya mana."

"To bismilla."

"Baba, ku ci gaba da addu'a. Ku kuma sa mutanen nan su ja baya."

A ganina wannan ƴar magana ita ce aikin da ya fi gwanancewa a kai ran nan, kuma ba ta cikin abin da ake koyarwa. Da ya ce wa tsohon ku matsa ba ku san komai ba, da taron ya taso masa, da an kwashe wasu mintuna ana kai ruwa rana. Bai ƙaryata shi ba, bai raba shi da addu'arsa ba, ya ba shi aikin da babu mai iya yi sai shi. Tsohon ya ɗaga sanda, aka buɗe fili. Daga nan matashin ya nuna mutum guda da yatsa, ya ce kai mai jar riga, kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, ka ce yaro ne ya nutse ba ya numfashi, ka kwatanta musu wurin. Da cewa ya yi wani ya kira, da kowa ya bar wa na kusa da shi. Wayar mai jar rigar ta nuna an yi kiran da ƙarfe 5 da minti 14.

Ya jawo yaron kan busasshiyar ƙasa mai tauri, ya kwantar da shi rigingine, ya bubbuga kafaɗarsa ya kira shi, shiru. Ya ɗora gindin tafin hannunsa a tsakiyar ƙirji, kan rabin ƙasa na ƙashin da haƙarƙari ke haɗuwa a kai, ya miƙar da gwiwar hannu, ya fara dannawa. Bai tsaya neman bugun jijiya ba, kuma ya yi daidai. Ma'aikatan lafiya ma na yin kuskure a nan, balle mai yatsu masu rawa a wuyan yaro jiƙaƙƙe. Wanda ba ya amsawa kuma ba ya numfashin kirki, a fara kawai.

Kuskurensa na farko shi ne ya fara da danna zalla, ya yi kusan minti guda bai hura ba. Na tambaye shi dalili, ya ce ya sha ganin bidiyo a WhatsApp ana cewa yanzu an daina baki-da-baki, a danna kawai. Maganar tana da asali. A 2008 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce wanda bai samu horo ba, in ya ga babban mutum ya yanke jiki ya faɗi, ya kira agaji ya yi ta danna ƙirji ba sai ya hura ba. Irin wannan faɗuwa masu kallon ƙwallo sun gan ta ran 12 ga Yuni 2021, da Christian Eriksen na Denmak ya kife a fili a Kofanhegan, aka danna masa ƙirji aka sa masa na'urar girgiza zuciya da lantarki ya dawo. Mutum irin wannan zuciyarsa ce ta fara tsayawa, jininsa cike yake da oksijin, mai tura jinin kawai ake nema na ƴan mintunan farko. Wanda ya nutse akasin haka ne. Iska ce ta fara yankewa, jinin ya ƙare oksijin ɗinsa, zuciya ta yi ta raguwa har ta tsaya. In ka danna ba ka hura ba, jinin da ba kome cikinsa kake zagayawa da shi. Shi ya sa ƙa'idar da ake bi a Turai ta ce ga wanda ya nutse, da kuma ga yara, a fara da hurawa sau 5, sannan danna 30, hurawa 2, a yi ta maimaitawa.

Shi da kansa ya tuna, ya ce sai ya ji kamar muryar malaminsu na cewa wanda ruwa ya ci iska yake nema. Ya dubi bakin yaron, laka da amai. Bai ɓoye mini ba, ƙyama ta kama shi, har ya ɗaga kai ya duba ko akwai wani ɗan'uwan yaron a wurin. Babu. Ya naɗe gefen rigarsa a yatsa ya share abin da yake gani, ya toshe hancin da yatsa biyu, ya rufe bakin yaron da nasa ya hura.

Ƙirji bai ɗaga ba, ciki ne ya kumbura. A bidiyon ana ganin dalili ƙarara: kan yaron a miƙe yake, haɓa ta sauko kan ƙirji. Mutumin da ya suma harshensa saki yake yi ya koma baya ya toshe hanyar iska, sai abin da aka hura ya bi ta hanyar abinci. Matashin ya gane, ya dafa goshi da hannu ɗaya ya tura kan baya kaɗan, ya ɗaga haɓa da yatsa biyu a kan ƙashi, ya sake hurawa a hankali na daƙiƙa guda yana kallon ƙirji ta gefen ido. Ya ɗaga. Ya janye baki, ƙirjin ya sauka, ya sake. Ba a cika huhun yaro kamar ana hura balan-balan, daidai abin da zai motsa ƙirji ya isa, abin da ya wuce haka ciki yake tafiya.

Kawun yaron ya tambaye ni daga baya, yaya iskar da mutum ya riga ya shaƙa ya fitar za ta amfani wani? Tambaya ce mai kyau, likitoci ma sun daɗe suna shakka. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, wadda muke fitarwa kuwa tana ɗauke da kusan kashi 16, jiki bai cinye ba. James Elam da Peter Safar ne suka tabbatar a shekarun 1950 a Amurka cewa wannan ragowar ta isa ta riƙe rai, kuma Safar ya nuna amfanin tura kai baya da ɗaga haɓa. A 1960 wasu uku a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo, Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka wallafa cewa danna ƙirji daga waje na tura jini ba sai an tsaga mutum ba. A shekarar ce kuma wani mai ƙera kayan wasan yara a Nowe, Asmund Laerdal, ya fito da mutum-mutumin roba na koyo, wanda irinsa mai kabu-kabunmu ya danna a horonsu. Ya ce robar tana yin ƙas in ka kai zurfin da ake so, yaro kuwa ba ya gaya maka kome.

Wannan ya kawo ni kan kuskurensa na biyu. Na ƙirga a bidiyon, danna 30 cikin daƙiƙa 13. Ya yi sauri, kuma bai nitsa ba. Ana son 100 zuwa 120 a minti, wato talatin ɗin su ɗauki daƙiƙa 15 zuwa 18. Zurfi kuma sulusin kaurin ƙirji, ga yaro kamar wannan kusan santimita 5, ga babba 5 zuwa 6, kuma bayan kowace danna a saki ƙirji ya dawo daidai don zuciya ta sake cika. Mai tsoro kullum haka yake yi, sauri-sauri sama-sama. Ina zargin sunan da muke kiran abin ma da hannu a ciki. Mun ara daga Faransanci muna cewa masaj kardiyak, mai ji ya fassara shi da tausa, ya zo yana lallaɓa ƙirji kamar na mai ciwon baya. Ni na daina faɗin kalmar a aji, danna nake cewa. Haƙarƙari kan tsage, musamman ga manya da tsofaffi, ya kuma warke cikin makonni.

A zagaye na uku yaron ya yi amai, kamar yadda yawancin waɗanda suka nutse ke yi. Wasu suka yi salati suka ce a bari haka. Matashin ya mirgina shi gefe, ya share, ya mayar da shi rigingine ya ci gaba, duka bai kai daƙiƙa goma ba. Da hannunsa ya fara mutuwa ya kira mai tubali, ya kama hannunsa ya ɗora masa a wurin, ya ce Malam hannu ɗaya, ka bi ƙirgata. Mai tubali da ƙarfin mai kwaɓa laka ya fi shi kai zurfin, shi kuma ya koma kan hurawa yana ƙirga da ƙarfi. Haka ake so, a riƙa canza mai danna duk minti biyu, don gajiya na rage zurfi tun kafin mutum ya ji ya gaji. Ma'aikatan da aka horar kan yara kan yi 15 da 2, amma ga su biyun nan 30 da 2 ita ce suka sani, ita ce kuma daidai a gare su.

Ya rantse mini sun yi awa guda. Wayar mai jar riga ta nuna kira na biyu da ƙarfe 5 da minti 21, inda yake cewa yaron na tari. Minti bakwai ne. Ra'ayina shi ne zuciyar yaron ba ta kai ga tsayawa cak ba, ta yi rauni ne tana bugawa da ƙyar, shi ya sa da iska ta isa jini ta farfaɗo ba tare da na'ura ba. Wannan bai rage kome daga aikinsu ba, don ƴan mintuna kaɗan suka rage ta tsaya. Suka kwantar da shi a gefe, kai ɗan baya, baki na kallon ƙasa, suka tuɓe masa jiƙaƙƙiyar riga, dattijon ya lulluɓe shi da mayafin nan saboda sanyi.

Sai ga kawun a guje. Ya ga yaro ya buɗe ido yana kuka, ya ce alhamdulillahi, a kai shi gida uwarsa ta gan shi, a samo masa rubutu. Ban ga laifinsa sosai ba. Kulawa kyauta da gwamnati ta kawo tun 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara 5 ce, wannan ya wuce, ga shi tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa. Matashin ya ce likita za a kai shi, daga nan ya rasa abin cewa. Dattijon ne ya raba gardama, ya ce wa kawun, matashin nan da ya san abin da ya yi, shi ya ce likita, to likita za a. Motar ƴan kwana-kwana ta tsaya bakin kwalta saboda laka, aka ɗauko yaron a hannu aka kai mata.

Da an bi ta kawun, da tsakar dare za a kawo mana shi, in an samu kawowa. Ruwa na wanke wani santsi da ke hana jakunkunan huhu manne wa juna, huhun ya kumbura a hankali, abin ya bayyana bayan sa'o'i. Duk wanda aka farfaɗo da shi daga ruwa sai an kai shi asibiti, ko da ya tashi yana tafiya da ƙafarsa. Namu yaron wajen sha biyun dare numfashinsa ya ƙaru, oksijin ɗin jininsa ya sauka, muka ƙara masa iska. Washegari zazzaɓi ya shigo, huhun dama ya kamu, aka sa shi kan maganin ƙwayoyin cuta. Kwana biyar ya yi. Uwarsa ta ga yana dafe ƙirji ta ce mini, Malam, ba su karya shi ba kuwa? Hoto bai nuna karaya ba, tsamin danna ne. Bayan wata guda aka dawo da shi, yana magana daidai, ya koma makarantar allo, ya kuma karanta mini inda ya tsaya.

A zamanmu na biyu matashin ya tambaye ni ko da ya fara da hurawa da yaron bai yi kwana biyar a kwance ba. Na ce masa minti gudan nan ƙwaƙwalwa ya jefa cikin haɗari, ita kuma ta tsira. Ciwon huhun na fi danganta shi da ruwan laka da aman da aka matso tun kafin ya iso. Mai tubalin na zaune yana ji. Ya yi shiru, can ya ce shi ne ya zazzage yaron, haka ya ga ana yi tun yana ƙarami. Ya ce in sake nuna masa inda ake ɗora hannu da yadda ake ɗaga haɓa, na nuna masa a jikin ɗansa da ya kwanta kan tabarma yana dariya, ba tare da na danna ba.

Mako guda bayan haka masu tubalin suka kafa sanduna a gefen zurfin, suka ɗaura musu tsummoki ja. Zuwa ƙarshen Oktoba ruwan ya ja baya, suka cire sandunan suka koma haƙa a daidai wurin, don nan yumɓun ya fi kyau.